Yadda Ake Bambance Tumbi da Hanji a Ƙarƙashin Maikuroskop

Kafin ka ɗora gilashin da ke ɗauke da siririn yankan naman da aka rina, ɗaga shi sama ka dube shi da ido. Gefen da ya fi shuɗi shi ne na ciki, inda abinci ke bi, mai ruwan hoda kuma tsoka ce. Fara da ƙaramin madubi mai ninki 4. Masu koyo sukan zarce zuwa na 40, su ga sel, wato ƙwayoyin halitta, birjik, su rasa inda suke. Madubi mai ninki 100 kuwa, wanda ake ɗiga wa mai, bar shi, ɓata lokaci ne.

Sannan ka nemo siririn layin tsoka da ya raba shimfiɗar ciki da ta ƙarƙashinta. Riƙe shi da kyau, zai yi maka amfani.

Yanzu tambayar da ke kayar da ɗalibai: fuskar ciki ramuka ce ko 'yan yatsu? Tumbi ramuka gare shi, ƙaramin hanji kuma 'yan yatsun nan da ake kira bilai. Matsalar ita ce ramukan ƙarshen tumbi, wato failoras, suna da zurfi, har kusan rabin shimfiɗar, sai naman da ke tsakaninsu ya yi kama da yatsu. Idan wuƙa ta yanka a karkace, abin ya ƙara rikicewa, ka ga da'irori warwatse. Dubi tsakiyar kowace da'ira a ninki 10. In fili ne fari, sel sun kewaye shi, rami ne. In nama ne a tsakiya, sel suna waje kamar katanga, yatsa ne aka yanke. Ka kuma nemi sel masu siffar kofi, farare, cike da majina. Lafiyayyen tumbi ba shi da su.

In tumbi ne, manyan sel masu ruwan hoda da cibiyar sel, wato nukiliyas, a tsakiya su ke fitar da asid. Yawansu yana nuna tsakiyar tumbi ne ko samansa.

In ƙaramin hanji ne, koma ga layin tsokar nan. Tarin gilan, wato 'yan jakunkunan da ke fitar da ruwa, masu haske a ƙasansa su ake kira gilan na Brunner, wato diyodinam ke nan, farkon ƙaramin hanji. Na failoras a samansa suke zama. Dunƙulen shuɗi na sel masu garkuwar jiki, da ake kira na Peyer, iliyam ke nan, ƙarshen ƙaramin hanji. Babu ko ɗaya, jejunam ne, tsakiyar ƙaramin hanji.

Babban hanji ba wuya: babu yatsu, ramuka miƙaƙƙu a jere, sel masu kofi fal.