Yadda na gyara lokutan salla a wayar ƙanena da ke karatu a Mancesta

Tun tsakiyar Mayu manhajar salla ta fara nuna masa Isha da Asuba a lokaci guda, wajen ƙarfe 1:10 na dare. Daga nan Kaduna muka bi abin ta kiran bidiyo.

Da farko mun zargi agogo, amma da bazara lokacin Ingila da na Najeriya ɗaya ne. Muka goge manhajar muka sake saukewa, ba ta canza zani ba.

Ashe matsayin garin ne. Kaduna tana kusan digiri 10.5 arewa da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita), Mancesta kuwa 53.5. Duk inda ya haura 48.5, shafaƙi ba ya gushewa gaba ɗaya a tsakiyar bazara, don rana ba ta nutsewa har digiri 18 ƙasa da inda take faɗuwa, sai manhaja ta koma lissafin tsakar dare, wato ta sa Isha da Asuba duka a tsakiyar dare.

A saituna ya shiga lissafin lokuta, ya buɗe gyaran garuruwan da ke can arewa, ya sauya daga "tsakar dare" zuwa "kashi ɗaya cikin bakwai na dare". A Yuni rana tana faɗuwa wajen 9:40, ta fito 4:40, dare awa 7 ke nan, kashi ɗayansa awa guda. Isha ta koma 10:40, Asuba 3:40. Alhamdu lillahi.

Na ce masa, auta, karɓo jadawalin masallacin unguwarku, in ya saɓa da na waya ka bi na liman.