Yadda zaka auna bidiyon harbin ɗan sanda kafin ka yanke hukunci

Duk sanda bidiyon ɗan sanda ya harbe wani ya fito, mutane kashi biyu suke rabuwa tun kafin a gama kallo, wasu su ce kisan gilla ne, wasu su ce ai dama ɗan bindiga ne gara da aka sheƙe shi. Ni ma haka nake da, sai da na zauna na karanta ƙa'idar abun da wasu shari'o'i sannan na ga akwai yadda ake aunawa, kuma ba sai ka zama lauya ba.

Fara da ma'aunin kansa. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro a wani taro a Habana ta ƙasar Kyuba. Ƙa'ida ta 9 ita ce ƙashin bayan maganar, ba a harbi da niyyar kisa sai in babu makawa sai an yi hakan za'a ceci rai. Rai fa aka ce, babu maganar dukiya ko mota ko wai an raina hukuma. To tambayarka ta farko kenan, ran wa ke cikin haɗari a daidai sakan ɗin da aka danna kunama? In ka duba ka duba baka ga kowa ba, akwai matsala.

Gudu kaɗai baya halasta harbi, nan mutane da yawa suke kuskure. A 1974 a Memfis ta Amurka ɗan sanda ya harbi wani yaro ɗan shekara 15, Edward Garner, a ƙeya yana haura shinge, abinda ya sato jakar hannu ce da dala 10. Maganar taje har kotun ƙolin Amurka, a 1985 ta ce ba'a harbin mai gudu sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa zai iya kashe wani ko yi masa mummunan rauni. Amma wanda ya gama buɗe wa mutane wuta yanzu-yanzu, ya ruga da bindigarsa ya nufi inda wasu mutanen suke, wannan lissafinsa daban ne ko da bayansa yake ba ɗan sandan.

Sai ka dawo kan bidiyon. Shawarata ka fara kallonsa sau ɗaya a gudunsa na asali, da sauti, kada ka tsayar. Saboda mu muna kwance a kan gado muna mayarwa baya sau goma muna zumin, ɗan sandan kuwa sau ɗaya ya gani, watakila cikin duhu, zuciya na dukan uku-uku, oba-oba na ta surutu a kafaɗarsa. Yawancin bidiyon waya hoto 30 ne a sakan ɗaya, ɗan Adam kuma kafin ido ya gani ya aika wa ƙwaƙwalwa yatsa ya motsa sai an ci kusan kwatan sakan, wannan ma in yana shirye yana jira kenan. Wato hoto bakwai ko takwas sun wuce. Shiyasa zaka tsayar da bidiyo a wani wuri ka ga mutum ya riga ya juya baya harsashi ya same shi ka ce wallahi da gangan ne, alhali mai yiwuwa lokacin da aka yanke shawarar harbin yana fuskantarsa. Ba kullum bane haka, wani sa'in da gangan ɗin ne, amma ka lissafa da wannan. Kotun ƙolin Amurka a shari'ar Graham ta 1989 haka ta ce, a auna da idon jami'i mai hankali da yake wurin a lokacin, banda abinda aka gano daga baya.

Kada kuma ka bari wannan ya zama rigar da za'a lulluɓe kowace ɓarna da ita. "Na ji tsoro" ba hujja bace ita kaɗai, sai an tambaya me ya gani da har ya ji tsoron. Ka tuna Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, 4 ga Fabrairun 1999 a ƙofar gidansu a unguwar Bronks ta Niyok, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya, ya sa hannu a aljihu ya ciro walat, suka sakar masa harsashi 41, guda 19 suka same shi. Ko allura babu a jikinsa. Kotu ta wanke su a 2000, amma ni har yau abin baya zauna min, don in kai ne mutum huɗu ba kaki suka tunkaro ka tsakar dare me zaka ɗauka? Saboda haka ka saurara da kyau a bidiyon, sun faɗi ko su waye? Sun yi gargaɗi? Sun bashi lokacin da zai bi umarnin? Ƙa'ida ta 10 cikin waɗancan ƙa'idojin na Majalisar Ɗinkin Duniya ta wajabta duka wannan, sai dai in gargaɗin zai jefa wani cikin haɗari ko a fili yake bashi da amfani. Ka lura kuma ko umarnin ɗaya ne, don sau tari wannan na ihu ɗaga hannu, wancan na ihu kwanta, na uku na cewa kar ka motsa, duk wanda ka bi ka saɓa wa biyu.

Maganar "me ya hana ya harbe shi a ƙafa" kuwa, fim ne ya cuce mu. Ƙafa siririya ce kuma tana motsi, in ka kuskure harsashin ba tsayawa zai yi ba, zai wuce ya samu na baya. In ma ka samu, akwai babbar jijiyar jini a cinya, in ta fashe cikin 'yan mintuna mutum ya tafi, sannan wanda aka harba a ƙafa hannunsa lafiya lau yake, zai iya ci gaba da harbi daga kwance. Shiyasa a ƙasashe da yawa ƙirji ake koya musu saitawa. Ma'anar wannan a gurinka mai kallo ita ce duk harbi ka ɗauke shi a matsayin na kisa, ka auna shi da wancan ma'aunin na rai.

Yanzu ga inda nafi so ka daɗe. Ka ja baya daga sakan ɗin harbin, ka tambaya wa ya kai su wannan tsaka mai wuyar? A Maris 1988 sojojin Birtaniya suka harbe mutum uku 'yan IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami tana yaƙar mulkin Birtaniya a Arewacin Ailan, a Jibiralta, wani yankin Birtaniya a maƙwabtan Sifen, an gaya musu akwai bam a mota kuma za'a tayar da rimot, daga baya aka ga babu makami a jikinsu babu bam a motar. A 1995 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai bata ɗora laifin a kan masu harbin ba, ta ce sun yi imani da abinda aka gaya musu, laifin na masu tsara aikin ne da suka bari mutanen suka shigo tun farko, kuma suka miƙa zato a matsayin tabbas. Kusan haka ta sake faruwa a Landan 22 ga Yulin 2005, kwana ɗaya bayan wani yunƙurin tayar da bam bai yi nasara ba, sati biyu bayan harin da ya kashe mutum 52. Aka bi wani mai gyaran wuta ɗan Burazil, Jean Charles de Menezes, tun daga gida ya hau bas ya sauka ya shiga tashar jirgin ƙasa ta Stockwell, duk wannan tafiyar ba wanda ya tare shi, sai da ya zauna a cikin jirgi aka zuba masa harsashi bakwai a ka bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne. Ba ɗan sanda ko ɗaya da aka gurfanar, rundunar ce aka samu da laifi a 2007 aka ci ta tarar fam 175,000. Kaga bidiyon sakan goma ba zai taɓa nuna maka wannan ba, dole ka nemi labarin awa ɗayan da ta gabace shi, me aka faɗa a oba-oba, wa ya bada umarni, akwai damar killace wurin a jira ko babu.

Kuma kada ka ɗauka rashin harbi kullum shine lafiya. 24 ga Mayun 2022 a Yubalde ta jihar Tekzas a Amurka, ɗan bindiga yana cikin aji da yaran firamare, jami'ai 376 suka taru, aka ɗauki minti 77 kafin a shiga a kashe shi, yara na kiran lambar gaggawa daga ciki. Yara 19 da malamai 2 suka mutu. Tun bayan harin makarantar Kolumbain ta Amurka a 1999 koyarwar ta canza, in ana cikin harbin mutane na farkon zuwa shiga suke, ba'a jiran runduna ta musamman. To ka bambance, wanda ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai da bindiga lokaci na tare da 'yan sanda, a zagaye wurin a yi ta lallashi ko kwana za'a yi, amma wanda ke kan kashewa ko ya bar masu rauni suna zubar da jini, kowane minti rai ne.

Na ƙarshe, kada ka rufe bidiyon da zarar ƙarar harbi ta tsaya, minti biyun da suka biyo baya suna da labari. Ƙirga harsashin, an ci gaba da harbi bayan mutum ya faɗi makamin ya yi nisa da hannunsa? Kowane harsashi sai an amsa tambaya a kansa shi kaɗai. Sannan ƙa'ida ta 5 ta ce a gaggauta ba wanda aka harba agajin likita, a sanar da danginsa da wuri. Sai ka duba ko wani ya durƙusa ya danne masa raunin yana kiran motar asibiti, ko kuwa ankwa kawai aka sa masa aka koma gefe ana hira, wani ma ya kai hannu ƙirjinsa ya kashe kyamara.