Yadda ake neman tallafin gwamnati na na'urar ƙara ji

Raunin ji yakan shigo a hankali, har iyalin mutum su riga shi lura: ana maimaita masa magana, yana ƙure sautin rediyo, yana kuma janye jiki daga hira idan jama'a sun taru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2021 cewa kimanin mutum miliyan 430 ne ke da raunin jin da ke buƙatar kulawa, kuma mafi yawan waɗanda na'urar ƙara ji za ta amfana ba su da ita. Tsada na cikin manyan dalilai, shi ya sa ƙasashe da dama suke ɗaukar nauyin kuɗin, duka ko wani kaso, ga mazaunan da suka cika sharuɗɗa.

Kafin ka sayi komai, ka fara tabbatar da cancantarka, domin yawancin tsare-tsaren ba sa mayar wa mutum kuɗin abin da ya saya da kansa kafin a amince da buƙatarsa. Sharuɗɗan sun bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, hukumar lafiya ta NHS tana ba da na'urar aro ba tare da biyan kuɗi ba, har da batura da gyara, kuma galibi likitan da mutum ya yi rajista a wurinsa ne ke tura shi. A Ostareliya tallafin ya fi shafar 'yan fansho masu katin rangwame da tsofaffin sojoji, sai kuma yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 26. A Faransa, tun 2021, akwai rukunin na'urorin da inshorar gwamnati da ta ƙari suke biya gaba ɗaya. A Amurka kuwa, tsarin Medicare na asali, wato inshorar lafiya ta gwamnati wadda galibi ta tsofaffi ce, ba ya biyan kuɗin na'urar. Ka tanadi shaidar zama a ƙasar, da katin inshora ko na fansho, da takardar likita idan ana nemanta.

Daga nan sai gwajin ji. Ƙwararre zai fara leƙa kunnen, saboda wani lokacin dauɗar kunne ce kawai ta toshe shi, ko ruwa ya taru bayan dodon kunne, kuma waɗannan magani suke buƙata. Sannan a sa maka abin sauraro a ɗaki marar hayaniya, kana danna maɓalli duk sanda ka ji ƙara, komai ƙanƙantarta. Ka nemi kwafin sakamakon ka adana. Amma wanda jinsa ya ɗauke farat ɗaya, musamman a kunne guda, kada ya tsaya jiran layin tallafi; ya ga likita a ranar, domin jinkirin 'yan kwanaki na iya rage damar warkewa.

Wajen zaɓen na'ura ne ya kamata a yi hattara. A wasu tsare-tsaren za a nuna maka wadda gwamnati ta biya duka da wadda za ka cika kuɗi. A ganina, bai dace kowa ya cika kuɗi ba sai ya gwada ta kyautar tukuna, ya kuma nemi a rubuta masa ainihin abin da mai tsadar za ta ƙara masa.

Karɓar na'urar rabin aikin ne. A makonnin farko muryarka za ta yi maka baƙunta, motsin takarda da zubar ruwa a famfo za su yi maka ƙarfi, domin ƙwaƙwalwa ta daɗe ba ta ji su ba. Ka fara sa ta a gida na wasu sa'o'i, kana ƙarawa kullum, kana rubuta inda ta dame ka, sannan ka koma ranar da aka ba ka a daidaita sautin. Da yawan na'urorin da aka jefa a aljihun tebur wannan komawar ce masu su ba su yi ba.

Ka riƙa goge ta da busasshen ƙyalle, ka cire ta kafin wanka, ka nisantar da ƙananan baturanta daga yara, don haɗiye su haɗari ne babba. Ka kuma tambayi lokacin da za a iya sauya maka sabuwa, wanda a Faransa shekara 4 ne, da abin da za a yi idan ta ɓace ko ta lalace.