Yadda Za Ka Ziyarci Bisbee, Garin Haƙar Jan Ƙarfe da Masu Zane Suka Gada

Duk wanda ya ga Obuasi a shekarun da aka dakatar da haƙar zinari, kafin a sake farawa a 2019, ya san yadda gari ke yin sanyi idan rami ya yi shiru. Bisbee, a kudancin jihar Arizona ta Amurka, ta ga irin wannan a 1975, lokacin da kamfanin Phelps Dodge ya daina haƙar jan ƙarfe. Ma'aikata suka watse, gidaje suka yi araha, sai masu zane da makaɗa da 'yan hifi, wato matasan nan masu barin suma da suka ƙi rayuwar ofis, suka saye su. Yau mutanen garin kusan 5,000 ne. Idan ka samu biza ka tashi daga Kumasi ko Accra don ganin 'yan uwa a Amurka, kwana biyu sun isa wannan ziyara.

Jirgi za ka hau zuwa Tucson (ana faɗinsa Tusan). Ka cire tsammanin tasha irin ta Kejetia inda trotro ke jiran fasinja. Sai ka ɗauki hayar mota. Hannun tuƙi ɗaya ne da na Ghana. Ka bi babbar hanya I-10 gabas zuwa Benson, ka karya kudu a hanya ta 80, ka wuce Tombstone, ka ratsa hanyar da aka huda cikin dutse, sai ga garin a cikin kwari. Kimanin kilomita 150 ne, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba.

Fasfo ɗinka ya kasance a jikinka, ba a gidan wanda ya sauke ka ba. Iyakar Meziko na kusa, kuma a hanyar dawowa akan tarar da shingen jami'an tsaron iyaka. Nan ne kuma wasu ke jefa kansu cikin masifa. Arizona ta halatta wiwi ga manya tun 2020, za ka iya jin warinta a titi, amma dokar tarayya ba ta halatta ba, jami'an shingen kuwa na tarayya ne. Mai bizar ziyara ya nisance ta, kada ya yarda a ajiye masa ita a mota.

Abin da ya fi cancantar kuɗinka shi ne shiga ramin Queen Mine. Ka kama gurbi tun kafin ka iso, don yakan cika. Za a ba ka hular kwano da fitila, ka hau ɗan jirgin ƙasa kamar mai hawa doki, a shiga da ku kusan mita 450 cikin dutse, a nuna muku yadda ake huda dutsen da yadda ake jera nakiya. Cikin ramin sanyin yana wajen digiri 8 ko da rana na ƙuna a waje, don haka ka riƙe rigar sanyi. Ka sa takalmi rufaffe, silifas ba za su yi ba. Babbar riga ka bar ta a masauki. Bayan ka fito ka tsaya a bakin Lavender Pit, ƙaton ramin da aka haƙa a fili, ka dubi launin ruwan da ya kwanta a ƙasansa. Wanda ya san abin da galamse, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, ya yi wa kogin Offin zai daɗe a tsaye.

Gidajen tsohon garin a jikin tsauni suke, wasu ba a kai musu sai ta matakala. Kafin ka biya masauki ka tambaya matakala nawa ne daga inda ake ajiye mota, musamman in kana tare da Hajiya ko Alhaji mai ciwon gwiwa. Garin ya haura mita 1,600 daga matakin teku, numfashi kan yi wuya ranar farko. A Oktoba ake tseren hawa matakala sama da 1,000, masauki kan yi wuya lokacin. Daga Yuli zuwa Satumba kuma ruwan la'asar kan sauko da ƙarfi ya bi tituna.

Ka shiga gidan tarihin haƙar ma'adinai da ke tsakiyar gari ka tambayi labarin 12 ga Yulin 1917, ranar da aka tattara ma'aikata masu yajin aiki fiye da 1,000, aka loda su a taragon shanu, aka zubar da su a hamadar New Mexico. Shagunan zane da na tsofaffin kaya kuwa ka zaga a hankali. Za ka ga dattijo da jan gashi da zobe a hanci, ka gaishe shi kamar kowa, amma ka nemi izini kafin ka ɗauki hotonsa. Titin Brewery Gulch na mashaya ne, da dare ba wurin iyali ba ne.

Juma'a ka yi ta a Tucson, akwai masallaci kusa da Jami'ar Arizona, naman halal ma can za ka saya. Alƙibla arewa maso gabas take. A gidajen abincin Meziko ka tambaya ko da man alade aka dafa waken da gurasar, don sau da yawa da shi ake yi.