Yadda ake horar da ɗalibi mai aiki a jami'a har ya iya riƙe ragama

A Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, wadda aka kafa a 2010, kamar sauran jami'o'in Nijar, ma'aikaci yakan samu ɗalibai a ƙarƙashinsa suna taya shi aiki a ɗakin karatu, a ɗakin kwamfuta, ko a lokacin rajistar sababbin shiga. A tsarin LMD, wato tsarin karatun jami'a mai matakai uku na lisans, masta da dakta, shekara 3 ake yi kafin a samu lisans, wato digirin farko, kuma wannan lokaci ya isa ɗalibi ya koyi abin da masu ɗaukar aiki suke tambaya, muddin wanda yake kula da shi bai mayar da shi ɗan aike ba. Ga hanyar da nake ganin ta fi dacewa.

Da fari, ku zauna da ɗalibin tun ranar da ya fara, ku rubuta ayyukansa a takarda guda: abin da zai yi, ranakun da zai zo, da wanda zai kai wa rahoto. Ku karɓi jadawalin darussansa ku tsara aikin a kansa, ku kuma sassauta masa a makonnin jarrabawa, domin ɗalibin da ya faɗi saboda aikin ofishinku ya yi asarar abin da ya kawo shi jami'a.

Mataki na biyu shi ne mafi nauyi, kuma a nan ne yawancin manya suke ja da baya. Ku ba shi aiki guda cikakke wanda zai amsa tambaya a kansa daga farko har ƙarshe, misali littafin aron littattafai na wani sashe, ko tsara layin masu shiga ɗakin kwamfuta da yamma. A makon farko ya tsaya ya ga yadda kuke yi, a na biyu ku yi tare, daga nan ya yi shi kaɗai kuna kusa, sannan ku janye ku jira rahotonsa. Idan ya zo da matsala, kada ku yi gaggawar warware masa. Ku ce da shi: "To ɗana, kai me kake gani ya kamata a yi?" Ku bar shi ya kawo hanyoyi biyu ya zaɓi ɗaya, ko da ba ita ce za ku zaɓa ba, in dai ba za ta jawo ɓarna ba. Na san miƙa mabuɗi ga yaro ɗan shekara 20 yana da wuya, amma wanda ba a taɓa danƙa masa amana ba, babu yadda za a san ko zai riƙe ta. A Adar, wato yankin Tawa, an saba ganin saurayi ya tafi biɗa Abijan ya kula da shagon wani da kuɗinsa, saboda haka ƙuruciya ba hujja ba ce ta hana ɗalibi ɗaukar nauyi.

Bayan ya kama aikinsa, ku ɗora shi a kan mutane. Tsohon ɗalibi ya koyar da sabon da ya shigo, kuma ku riƙa yin ɗan taro kowane mako wanda shugabancinsa zai riƙa zagayawa, yau wannan ya jagoranta, wancan ya rubuta abin da aka tsayar cikin Faransanci mai tsabta. Ku lura sosai kada rubutun ya zama na ƴan mata kullum, jagorancin kuma na samari. Ɗaliba ma ta buɗe taro, ta ba da damar magana, ta tsayar da wanda ya zarce. Haka nan ku koya musu tarbar jama'a, domin mai zuwa ofis yana iya zama dattijo da ya rako ɗiyarsa kuma ba ya jin Faransanci, sai an yi masa bayani da Hausa ko da Tamajak cikin ladabi.

Gyara kuskure a keɓe ake yinsa, a faɗi abin da ya faru da abin da ake so gobe, ba tare da tsawa a gaban abokansa ba. Yabo kuwa a yi shi a bainar jama'a, a ambaci aikin da aka yaba.

Mataki na ƙarshe shi ne takarda, kuma ina roƙon kada a raina shi. Tun daga watan farko ku sa ɗalibin ya riƙe ɗan littafi yana rubuta abin da ya yi da kwanan wata. Kafin ya kammala, ku rubuta masa takardar shaidar aiki mai sa hannu da hatimi, wadda ta faɗi ranar farawa da ta gamawa, ayyukan da ya riƙe, da yawan ɗaliban da ya horar. Ku duba masa takardar tarihin karatu da aikinsa, ku yi masa gwajin tambayoyin ɗaukar aiki ko da sau ɗaya, sannan ku tura shi ya yi rajista a hukumar samar da aikin yi ta ANPE. Idan kun san wani ofis ko kamfani da ke karɓar masu sitaj, wato masu zaman koyon aiki, ku kira da kanku ku gabatar da shi kafin hutun ƙarshen shekara.