Darasi na 9: Shiga Kwale-kwale a Tafki Lokacin Zafi

Idan zafi ya tsananta, mutane kan nufi bakin tafki. Wasu su yi iyo, wasu su hau kwale-kwale ko jirgi mai inji su sha iska. Babu laifi a cikin wannan. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma yara da matasa suna da yawa a cikinsu.

Tafki yana da yaudara. Samansa ya sha rana, da ɗumi. Ƙasansa kuwa sanyi ƙalau, musamman inda yake da zurfi. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyi ba shiri, abin da jikinsa zai fara yi shi ne jan numfashi da ƙarfi, ba da son ransa ba. In kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwan zai shaƙa. Shi ya sa ko gwanin iyo yakan nutse. In hakan ta same ka, kada ka yi ta fafutuka. Ka kwanta rigingine, ka baza hannu da ƙafa, ka jira kamar minti 1 numfashinka ya daidaita.

Rigar ceto kuwa, wato rigar da ke riƙe mutum a saman ruwa, tun a bakin ruwa ake sa ta. Mutane da yawa sukan ajiye ta a ƙarƙashin benci, wai in an kife sai su ɗauka. Ina! Kifewa ba ta sallama. Ka sa rigar, ka ɗaure igiyoyinta duka, sannan wani ya kama ta ta kafaɗa ya ja sama. In ta haura har kunnenka, ta yi maka yawa, a canza. Yaro ma a nema masa daidai nauyinsa, rigar babba zamewa za ta yi ta bar shi.

A cikin jirgi a zauna ƙasa-ƙasa, a raba nauyi dama da hagu. Kada kowa ya miƙe don ɗaukar hoto. In matuƙi ya ce jirgi ya cika, to ya cika. Wanda ya sha giya ba ya tuƙi, ba ya iyo. Da an ga hadari ko an ji tsawa, a fito, a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Mai nutsewa ba ya ihu, domin bakinsa na neman iska ne. Za ka ga kansa ya karkata baya, hannuwansa na dukan ruwa kamar mai hawa tsani. Kada ka yi tsalle ka bi shi, zai riƙe ka ku tafi tare. Miƙa masa filafili, wato abin tuƙa kwale-kwale, ko doguwar sanda, ko ka jefa masa igiya ko jarka marar komai mai murfi, ka kira taimako. In kuma jirginku ne ya kife yana yawo a sama, ku riƙe shi. Ya fi kan mutum sauƙin hangowa daga nesa.

Aiki: Rubuta kalmomin nan sau 3 a littafinka: tafki, kwale-kwale, filafili, rigingine. Sannan ka bayyana wa na kusa da kai yadda ake gwada rigar ceto.