Yadda ake neman residensi a Amurka ta ERAS daga nan Kano

Tambayar nan ta ERAS, hanyar neman residensi wato horon ƙwarewa na likitoci a Amurka, ta yi yawa a bakin ƙannenmu da suka gama haus job ko suke bautar ƙasa, kowa sai yace yaya dan Allah ya ake cike fom ɗin nan. Toh cike fom ɗin shi ne abu mafi sauƙi a harkar gaba ɗaya, in kana da data da wuta cikin sati ɗaya ka gama. Abin da yake kayar da mutane takardun da suke hannun wasu ne, wasiƙun malamai da takardun makaranta, ga kuma rana guda a ƙarshen Satumba da ake buɗe wa asibitoci su fara duba masu nema. Duk lissafinka daga wannan ranar zaka fara, ka ƙirgo baya.

ERAS dai manhaja ce ta ƙungiyar makarantun likitanci ta Amurka wato AAMC, a nan ake tara takardunka a tura wa asibitocin da ka zaɓa. Mu da ba can muka yi karatu ba bama shiga kai tsaye, sai ta hannun ECFMG, hukumar da take Philadelphia, ita take tantance digirinmu kuma ita take tsaya mana kamar ofishin makarantarmu. Don haka kafin komai ka shiga World Directory of Medical Schools ka nemo sunan makarantarka, ko BUK ka gama ko ABU ko Sudan ko Masar, ka tabbata akwai bayanin ECFMG a ƙarƙashinta da yake nuna ɗalibanta sun cancanta kuma shekarar da ka gama tana ciki. Daga nan ka buɗe akawun a MyIntealth, shafin ECFMG.

A nan zan ɗan tsaya akan suna, domin matsalarmu ce mu 'yan arewa. Fasfo yace Mohammed, satifiket yace Muhammad, lasisin hukumar likitoci ta MDCN kuma an rubuta sunan kaka a inda sunan uba yake, ko ace Sani Dala a wata takardar, a wata kuma Sani Abdullahi. Mu a wajenmu mutum ɗaya ne, su kuwa sai ka kawo hujja. Ka zazzage takardunka duka akan tabarma ka kwatanta su harafi da harafi, har ranar haihuwa, in akwai gyara ka yi shi tun yanzu kafin ka biya ko dala ɗaya.

Jarabawar lasisin likitanci ta Amurka, USMLE, mai matakai Step 1 da Step 2 CK da Step 3, bazan daɗe akanta ba don kun fi ni saninta. Step 1 tun Janairun 2022 ya koma ci ko faɗuwa kawai babu maki, shi yasa yanzu makin Step 2 CK ne ake zuba wa ido. In ka ci baka da damar sakewa don ƙara maki, in ka faɗi kuma faɗuwar tana nan a rubuce kowa zai gani, saboda haka kar ka shiga dan gwaji. A cibiyar Prometric ake yi, 'yan Najeriya da yawa Accra suka je, ka saka kuɗin jirgi da masauki a lissafi. Jarabawar duba mara lafiya ta Step 2 CS an soke ta a 2021, aka maye gurbinta da abin da suke kira Pathways, wanda yake da cikakken lasisi Pathway 1 zai bi, zai buƙaci takardar shaidar lasisinsa daga MDCN. Sai OET na likitoci, wai gwajin Turanci, kuma babu ruwansu da cewa da Turanci ka yi karatu tun firamare, dole ka yi. Ana neman 350 a sauraro da karatu da magana, 300 a rubutu.

Wajen ƙarshen Yuni ECFMG take fara sayar da tokin, wata lamba ce da zaka yi rajista da ita a MyERAS, shafin masu nema na ERAS, kuma ta shekara ɗaya ce, bara daban bana daban. Ranar da ka buɗe akawun ɗin, kafin ka rubuta ko layi ɗaya akan kanka, ka je wajen wasiƙu.

Ga yadda take tafiya. Zaka saka sunan wanda zai rubuta maka da muƙaminsa da fannin da wasiƙar take nufa, sai manhajar ta fitar maka da takardar neman wasiƙa mai ɗauke da lamba ta musamman. Wannan takardar zaka kai wa malamin, shi kuma ko sakatarensa ya buɗe nasa akawun na AAMC ya loda wasiƙar da wannan lambar, a kan takardar asibiti mai tambari, da sa hannu da kwanan wata. Za'a tambaye ka ko ka yafe haƙƙin ganin abin da aka rubuta, ka yafe, an fi yarda da wasiƙar da mai ita bai gani ba. Yanzu ka yi tunanin farfesan da zaka nema, yana zagayen wad da safe, kilinik da rana, ga jarabawar ɗalibai ga tafiye-tafiye, in shekarar ya tafi aikin hajji kuma shi kenan. Wallahi wata biyu bai yi yawa ba. Ka je da kanka ka gaishe shi, ranka ya daɗe ga abin da nake nema, ka bar masa CV ɗinka da 'yar takarda da ka tuna masa marasa lafiyan da kuka duba tare, in ya yarda ka zauna kusa da sakataren ranar lodawa da laftof ɗinka da data. Kuma ka roƙe shi cikin ladabi kar ya yi irin wasiƙar nan tamu mai layi huɗu ta yaro ne mai ladabi da biyayya. Su so suke su ji abin da ya gani da idonsa, yadda ka gano ciwo a daren da kake kan kira, yadda kake da nas-nas da 'yan'uwan mara lafiya. Huɗu ne iyakar wasiƙun da zaka iya tura wa asibiti ɗaya, yawanci uku suke nema, kuma in ka samu damar zuwa kallon aiki a wani asibitin Amurka ka karɓo wasiƙa daga can, tana da nauyi sosai.

Haka takardar sakamakon makaranta da MSPE, wato rahoton da shugaban tsangaya yake rubutawa akan yadda ka yi karatu. Su ma ta hannun ECFMG suke bi kuma suna ɗaukar kwanaki kafin su bayyana a MyERAS, don haka ka fara bin ofis tun Yuli.

Sai naka ɓangaren. Ana baka gurbi 10 ka rubuta ayyukan da ka yi, ka ware 3 da suka fi maka muhimmanci. Kar ka raina abin da kake da shi. Wanda ya yi wata shida a ɗakin gaggawa na yara lokacin damina, zazzaɓin cizon sauro da tamowa gado biyu yara uku, ya ga abin da ɗalibin can bai taɓa gani ba, amma sai ka rubuta me ka yi kai da hannunka, ba tarihin asibitin ba. Bayanin kai kuma, wato personal statement, shafi ɗaya ya isa duk da gurbin yana ɗaukar fiye da haka, kuma dan Allah a bar labarin nan na tun ina yaro kakata ta yi rashin lafiya, sun gaji da shi. Abu ɗaya da zaka kiyaye, da zarar ka danna tabbatarwa ka miƙa fom ɗin ya kulle, 'yan bayanan tuntuɓa kawai zaka iya taɓawa, don haka ka ba mutum biyu su karanta tukunna.

Zaɓen asibitoci shi ne inda kuɗi yake tafiya. A kakar 2025 dala 11 ne kowane ɗaya har zuwa 30 a fanni guda, daga na 31 ya koma dala 30, kaga wanda ya nemi 100 ya biya dala 2,430 kenan, ka je Wapa ka tambayi canji sai ka san abin da ake magana. Toh kar ka watsa kuɗinka kamar mai liƙi a biki. Ka shiga shafukan binciken asibitoci na FREIDA da Residency Explorer da shafin kowane asibiti ka duba abu uku: suna ɗaukar waɗanda suka yi karatu a waje, suna bada biza, sannan shekara nawa da gama makaranta suke karɓa, domin wasu in ka wuce shekara 5 ko buɗe takardarka ba za'a yi ba. Medisin da likitancin iyali da na yara sun fi buɗe mana ƙofa. Akwai kuma sigina da zaka aika wa 'yan asibitoci kaɗan ka nuna su kake so da gaske, a medisin an bada na zinare 3 na azurfa 12, ni a ganina ɓarna ce ka kashe su akan manyan sunaye, ka aika inda ake ɗaukar irinka. Mai son mata da haihuwa ko agajin gaggawa kuma ya sani sun bar ERAS sun koma wata manhajar daban, ResidencyCAS.

Farkon Satumba ake fara miƙawa, ƙarshensa asibitoci su fara dubawa da ƙarfe 9 na safe agogon New York, ƙarfe 2 na rana kenan a nan. Duk wanda ya miƙa kafin lokacin tare za'a gan su, ba sai ka yi rige-rige ranar farko ba, amma wanda ya makara ko wasiƙunsa basu cika ba ya shiga bayan an fara rabon intabiyu.

Intabiyu daga Oktoba zuwa Janairu ne, yawanci ta bidiyo. Gayyata ta imel take zuwa kuma guraben suna cikewa da wuri, ka bar wayarka da ƙara ko da daddare. Ka lura da agogo, a Oktoba mun girme New York da awa 5, daga Lahadin farko ta Nuwamba ya koma 6, ƙarfe 9 na safe a California kuma a Disamba 6 na yamma ne a nan dab da magariba. Ka tanadi layi biyu na kamfani daban-daban da inbata ko fawa bank, ka sallami yara zuwa maƙota.

ERAS ba ita take baka gurbi ba, wannan aikin NRMP ne, tsarin da yake haɗa masu nema da asibitoci, rajistarsa daban kuɗinsa daban, ana buɗewa tsakiyar Satumba. Zuwa farkon Maris zaka jera asibitocin da suka yi maka intabiyu, kuma kafin ranar dole ECFMG ta tabbatar ka cika sharuɗɗanta. Ka jera su yadda zuciyarka take so, ba yadda kake zaton su suke sonka ba, tsarin lissafin ya fi karkata ga mai nema, kuma kar ka saka inda bazaka je ba don alƙawari ne mai ɗaurewa. A sati na uku na Maris ranar Litinin zaka ji ko ka samu, Juma'a ka ji a ina, wanda bai samu ba ya shiga zagayen cike gurbi da ake kira SOAP a cikin satin ya nemi guraben da suka rage.

Biza kuma J-1 ce mafi yawa, ECFMG take ɗaukar nauyinta, tana buƙatar takardar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya cewa ƙasa na buƙatar fannin, da sharaɗin komawa gida shekara 2 bayan gamawa. H-1B sai ka ci Step 3, shi kuma a Amurka kaɗai ake yinsa. Dokokin bizar Amurka akan 'yan Najeriya sun sha canzawa a baya-bayan nan, don haka ka karanta sanarwar ECFMG da ta ofishin jakadanci kafin ka sayi tokin, ka sake karantawa kafin ka biya kuɗin asibitoci a Satumba.